Kwarya Ɗaya, Hatsi Iri-iri: Tarihin Tarin Gajerun Labarai a Rubutun Hausa

Tara gajerun labarai masu launi daban-daban a cikin littafi guda al'ada ce da ta samo tushe daga hirar dare, inda tatsuniya, wato ƙagaggen labarin da ake yi wa yara, take zama kafaɗa da kafaɗa da almara da barkwanci da labarin mazan jiya, ba tare da wani ya ce an cakuɗa zance ba. Wannan cakuɗar ce Frank Edgar, wani jami'in mulkin mallaka, ya tattara a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, mai juzu'i uku, tsakanin 1911 da 1913, sai dai aikinsa taskancewa ce kawai, babu zaren da ya ɗinke labaran.

Zaren ya zo ne da Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, wanda littafinsa Ruwan Bagaja ya fito da sunansa a gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da Rupert East ya shirya a hukumar fassara ta Zariya. A 1936 aka ɗauko shi daga aikin koyarwa a Katsina zuwa Zariya, ya zauna wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga cikin juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939 domin makarantu su sami abin karantawa da boko. Dabarar da ya yi amfani da ita ita ce ta uwar labari, wato babban labari guda da ke goye da ƙanana a bayansa, irin wadda aka sani a Dare Dubu da Ɗaya da kuma tsofaffin hikayoyin aku na ƙasar Hindu. A juzu'i na farko aku ne yake riƙe Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da labarai don kada ya fita daga gida ya faɗa tarkon waziri, kuma tun da manufar akun ita ce jan lokaci, ba shi da dalilin tsayawa a kan nau'i ɗaya: in yau ya kawo labarin dabbobi, gobe sai na ɓarayi, jibi na aljanu ko na shari'ar wani alƙali. A nan ne gwanintar littafin take, domin bambancin labaran ya zama larurar da uwar labarin kanta ta haifar, ba ado ba.

Da yawa daga cikin labaran aro ne, daga littattafan Larabci irin su Kalila wa Dimna da kuma tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm, amma Imam ya tuɓe musu rigunansu ya sa musu na gida. Labarin Kalala da Kalalatu misali ne: asalinsa wata kuku ce ta Jamus da ta cinye kajin da aka soya wa baƙo, amma a hannunsa ta zama matar aure mai kwaɗayi wadda ta tsorata baƙon da wuƙar da maigida ke wasawa, har mai karatu ya rantse a unguwarsu abin ya faru.

Juzu'i na biyu ya mai da hirar gasa tsakanin akun da wani abokin hamayyarsa mai suna Haziƙ, na uku kuwa, wanda uwar labarinsa ta fi rauni amma ya fi amfani ga mai nazari, ya nuna akun yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake tsara labari da yadda ake karantar fuskar mai sauraro. Kafin ƙurar juzu'in ƙarshe ta lafa, an naɗa Imam editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, littafin kuma ya ci gaba da fitowa a bugu bayan bugu, har ya kai hannun kamfanin buga littattafai na NNPC na Zariya da aka kafa a 1966.