Daga Kurna Zuwa Mangwaro: Tarihin Bishiyar Tsakar Gida a Ƙasar Gumel

Lokacin da fadar Gumel ta taso daga Tumbi, wadda yau ke cikin Jamhuriyar Nijar, ta zauna inda take yanzu a 1845, kakanninmu ba mangwaro suka tarar ba. Abin da jigawar nan ta sani shi ne kurna, magarya, aduwa, kanya, tsamiya da kuka. Itatuwa ne masu jure ƙishi, ba sa jiran guga, damina ta wata uku zuwa huɗu ta ishe su. Su suka ba mu kunun tsamiya da miyar kuka, da magaryar da yara ke cika aljihu da ita.

Mangwaro asalinsa Indiya ne, gwaiba da gwanda kuwa daga nahiyar Amurka. Ta bakin teku suka shigo, suka yi ta hawowa arewa sannu a hankali. A ƙasa mai rairayi da rijiya mai zurfi irin tamu, daji bai karɓe su ba, sai tsakar gida. Iyayenmu mata ne suka raine su. A dasa kusa da wurin alwala don ruwan ya gangara gindi, a zuba takin awaki, a kewaye da ƙaya, a barbaɗa toka saboda gara.

Farin 1973 da na 1984 suka tona asiri: baƙin itatuwa da yawa sun bushe, aduwa da magarya suka tsaya. Bayan haka darbejiya, wadda aka fara dasawa a Borno a 1928, ta mamaye tituna da ƙofofin gidaje daga Gumel har Maigatari. Inuwarta ba ta da na biyu, amma ba ta ƙosar da yaro. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya haɗa da Jigawa, sai dai aikinsa a bayan gari yake.

Cikin gida kuwa namu ne, kuma yau siminti muke shafe shi da shi. Ruwan alwala na bin kwata ya fita waje, mu kuma muna sayen mangwaron da mota ta kawo daga nesa. Mangwaro mai aure kan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu. Kafin magini ya zuba siminti, mu bar masa taku biyu a gefen wurin alwala.