Yadda Gurjiya Ta Rasa Gurbinta a Gonakin Yammacin Kano

Kafin zuwan jirgin ƙasa, gonar manomin Karaye da Rogo ba ta amfani ɗaya ba ce. Gero da dawa ne ginshiƙi, wake yana yaɗo a tsakaninsu, maiwa tana jiran ƙarshen damina, gurjiya kuwa tana cin ƙasar da sauran suka ƙi. Rama da yakuwa suna bakin iyaka, ɗorawa da kuka suna tsaye a tsakiyar gona. Hikimar wannan tsari ita ce rarraba asara: in ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya nuna, in ya daɗe maiwa ta yi, in ƙasa ta gaji gurjiya da wake su mayar mata da ƙarfi. Da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, albarkar ƙasarta na cikin abubuwan da ya yaba.

Sauyi na farko ya zo ne a 1912, lokacin da aka buɗe layin dogo daga Legas zuwa Kano. Turawa sun so auduga, manoma suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kuɗi, kuma ana cinta in kasuwa ta faɗi. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, gyaɗa ce ke biyansa. Gurjiya, wadda ita ma a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya, ba ta da man da masana'antun Ingila ke nema, don haka aka tura ta gefen gona. Dalar gyaɗa ta tashi a Kano, sai farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka durƙusar da ita.

Sauyi na biyu masara ce ta kawo shi. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, daga baya Kano ta kafa hukumar KNARDA. Sabon irin masara da takin zamani mai rahusa suka bazu a ƙasashen da ke tsakanin Kano da Zariya, inda ruwan sama ke da ɗan yawa. Masara ta cika buhuna, amma da sharaɗi: ba ta yi sai da taki. Duk lokacin da tallafi ya ja baya, ko farashi ya hau kamar yadda ya faru a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, manomin ƙauye irin Unguwar Hajji yakan tarar cewa abincin gidansa ya rataya ga abin da ba shi da iko a kansa.

Wannan tarihi yana nuna cewa tsofaffin amfanin gona ba gazawa suka yi ba. Kasuwa da haraji da tallafin gwamnati ne suka juya musu baya, bincike ma ya bi inda kuɗi yake. Yau duniya ta fara waiwaye: Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, cibiyar IITA a Ibadan kuma tana ajiye da tarin irin gurjiya.

Sai dai irin da ke ajiye a Ibadan ba ya ciyar da kowa a Rogo. Manomi zai koma ga gurjiya da maiwa ne in ya samu iri mai kyau a kan lokaci, da injin da zai rage wahalar sussuka da ɓara, da mai saye a kasuwar Dawanau da farashi mai tsoka. Lokaci kuwa ba ya jira, domin irin da aka daina shukawa shekaru kaɗan yakan mutu a rumbu, kuma dattawan da suka san ƙasar da ta dace da kowanne suna raguwa kowace damina.