Ribaɗi da Tushen Jama'ar Gabashin Sakkwato: Wurno, Rabah da Goronyo

Masu nazarin Daular Usmaniyya sun fi mayar da hankali ga birnin Sakkwato, alhali kuwa a shekaru masu yawa na ƙarni na 19 ba a can Sarkin Musulmi yake zaune ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa jama'ar ƙasar da ke gabas da birnin, watau Wurno da Rabah da Goronyo, ba haka kawai ta taru ba. Tara ta aka yi da gangan, domin tsaro.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa ba su saduda ba. Sun ci gaba da kawo hari ta kwarin Gulbin Rima, wani lokaci da taimakon Azbinawa da Katsinawan Maraɗi. Dabarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ɓullo da ita ita ce ribaɗi, watau gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda malamai da mayaƙa da manoma za su zauna tare. Ya yi ribaɗi a Magariya, sannan wajen 1830 ya gina Wurno a kan tudu mai kallon fadamar Rima. Ko bayan nasarar Gawakuke a 1836 bai bar ta ba, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake.

Abin lura shi ne irin mutanen da aka cika waɗannan garuruwa da su. Bello ya kwaɗaita wa Fulani makiyaya zama wuri guda, su kama noma, su sa 'ya'yansu karatu. Akwai bayin da aka kamo a fagen yaƙi aka zaunar a gonaki, akwai kuma Gobirawan da suka yi mubaya'a suka ci gaba da zama a ƙasar kakanninsu. Cuɗanyar waɗannan ce, ta hanyar auratayya da kasuwa, ta sa harshen Hausa ya rinjayi Fillanci har a gidajen sarauta. Sa'ad da Heinrich Barth ya iso a 1853, zamanin Aliyu Babba, ya ƙiyasta mutanen Wurno tsakanin 12,000 da 13,000.

Rabah kuwa ta zauna a hannun zuriyar Bello. Daga nan Abubakar Atiku na Rabah ya zama Sarkin Musulmi a 1873, jikansa kuma, Ahmadu Bello Sardauna, a nan aka haife shi, ya kuma riƙe hakimcinta daga 1934.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, iyakar da ake tsaro ta kau, ribaɗoɗin suka koma gundumomin hakimai a Lardin Sakkwato. Fadama ce ta riƙe jama'a daga nan, da shinkafa da albasa da tafarnuwa, balle bayan kammala madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Goronyo kimanin mutum 182,000, Wurno 162,000, Rabah 149,000. Sai dai ƙidayar ba ta tambayi ƙabila ba, saboda haka mai son sanin asalin mazauna sai ya koma ga sunayen shiyyoyi da sarautu da tarihin baka. Wannan aiki ya ƙara wuya tun da hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, suka fara tarwatsa ƙauyuka tare da tsofaffin da suka san wannan tarihi.