Alala a Azare: Daga Dutsen Niƙa zuwa Injin Markaɗe

Abin da ke cikin alalar Azare yana tafiya ne tare da hanyoyin da suka shigo garin. A sana'ar alala na tashi. Na koya a hannun mahaifiyata, ita kuma a hannun kakata, 'yar tsohon garin Katagum da ke bakin Kogin Jama'are, inda fadar masarauta take kafin a dawo da ita Azare a 1916.

A zamanin Kaka, aikin alala tun jajibere yake farawa. Za a surfa wake a turmi, a wanke har hancinsa ya fita tas, a jiƙa. Kafin kiran assalatu mace ta durƙusa gaban dutsen niƙa, tana turawa tana yayyafa ruwa, har ƙullu ya yi laushin da idan ka murza tsakanin yatsu ba za ka ji tsaki ba. Kayan haɗi ba su da yawa: albasa, barkono, gishiri, 'yar kanwa, sai mai. Gidan da ke da hali a marmasa bandar tarwaɗa ko karfasa a ciki, kifin da masunta suka kamo a kogin nan namu. Saboda wahalar niƙa, ba kowace rana ake yin ta ba. Abincin azumi ce da na baƙo mai daraja. Na yau da kullum shi ne ɗanwake, wanda ake jefawa kai tsaye cikin tafasasshen ruwa.

Abu biyu suka mai da alala sana'a. Na farko injin markaɗe: aikin da ke cin rabin dare ya koma na 'yan mintuna, yarinya ta kai roba ta dawo da ƙullu. Na biyu gwangwani. Da madarar Peak da tumatirin gwangwani suka yawaita a shaguna, mata suka riƙa tara gwangwanayen, su wanke, su shafa musu mai. Kowace alala ta zama girma ɗaya, kuɗinta ɗaya, babu gardama da mai saye.

Sai hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta ratsa Azare ta wuce Potiskum, ta ƙara wa alala ado. Motoci suka kawo manja da busasshen jatan lande daga bakin teku, daga baya kifin ƙanƙara da ake kira Titus, ga dunƙulen Maggi. Daga matan Yarabawa da Ibo mazauna garin muka ga yadda ake nutsa dafaffen ƙwai da niƙaƙƙen nama a tsakiya. Masu saye ma suka ƙaru: 'yan tasha, ɗaliban kwalejin horon malamai, masu jinya a babban asibitin tarayya, sannan ɗaliban jami'ar Gadau.

Duk da haka, sirrin aikin bai motsa ba, yana cikin turarawa. Ana shimfiɗa karan dawa a gindin tukunya, a zuba ruwa kaɗan yadda ba zai taɓa gwangwani ba. Ba a cika gwangwani, domin ƙullu yana tashi. Kifi da ƙwai a tsakiya ake saka su bayan an zuba rabin ƙullu, sannan a rufe da sauran. Idan ƙullu ya yi ruwa ba za ta kama jikinta ba, idan ya yi kauri ta fito da tauri. Mahaifiyata takan ce mini: "Ke 'yar nan, bar buɗe tukunyar, tururin kike kora." Da tsinke take gwadawa, in ya fito a bushe, ta nuna.

Yanzu 'ya'yanmu suna kallon girkin Sinawa a waya, musamman shumai na lardin Guangdong: ɓawon fulawa siriri, a cusa nama da jatan lande, a turara a kwandon gora. Su da naman alade suke yi, amma Musulmin ƙasar suna yin irinsa da na rago ko na sa. 'Yata ta gwada da naman sa a madambaci, kuma ya yi, don hannun da ya san turara alala ya riga ya san rabin aikin.

Abin da ke damuna shi ne leda. Ta fi sauƙi, ba wanki, ba nauyi, shi ya sa ta kusa korar gwangwani. Amma ba na son abincin da ya dahu cikin roba mai zafi, ga ledojin da ke toshe mana kwatoci da damina. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin markaɗe da na wake suka tashi, na san kowa sauƙi yake nema. Ni dai na zaɓi in rage riba in ci gaba da wanke gwangwanaye, kuma duk yarinyar da ta zo koyo wurina, daga nan take farawa kafin in bar ta ta taɓa ƙullu.