Yadda Likitoci Suka Koyi Leƙa Jijiyoyin Zuciya



Dalilin wannan rubutu kawuna ne. Dattijo ne a nan Limawa, ya yi shekaru yana taka ƙafa zuwa masallaci ba tare da gajiya ba, sai ga shi ƙirji yana ɗaure masa in ya ɗan yi sauri. Mu a gida muka ce gyambon ciki ne. Likita kuwa ya ce a tafi da shi a ɗauki hoton jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa, ba yanka, ba zura komai. Mamakin haka ya sa na bi diddigin abin.

Tun a ƙarni na 13, Ibn al-Nafis, likitan da aka haifa a Sham ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana cewa zuciya tana samun abincinta ne daga jijiyoyin da suka ratsa jikinta. Ya yi gaskiya, amma an shafe ɗaruruwan shekaru ba wanda ya iya ganin waɗannan jijiyoyi a jikin mai rai. Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki a 1895. A 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta hannunsa har cikin zuciyarsa (ni dai ban san ko jarumta zan kira wannan ko ganganci ba). A 1958, a Cleveland ta Amurka, rinin da Mason Sones ke tura wa wani majiyyaci ya kuskure ya shiga jijiyar zuciya, mutumin ya rayu, hoton kuma ya fito sarai. Daga nan aka sami hanya, sai dai tilas a huda jiki.

Sauƙin ya faro ne da na'urar siti ta Godfrey Hounsfield, wadda aka fara gwadawa a kan majiyyaci a Landan a 1971. Kai kaɗai take ɗauka a lokacin, domin zuciya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Sai da na'urori suka ƙara sauri. A 1990 Arthur Agatston da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin kalsiyam: kitsen da ke liƙewa a bangon jijiya, in ya daɗe, yakan ƙeƙashe kamar ƙanzo, na'ura kuma tana ƙidaya shi. Sifili alama ce mai kyau, sama da 400 kuwa hatsari ne babba. Amma sifili ba takardar tsira ba ce, domin sabon kitse mai taushi ba ya bayyana, musamman a jikin matashi. Don haka ake da hoto na biyu, wanda ake saka rini ta jijiyar hannu, mutum ya riƙe numfashi na 'yan daƙiƙu. Akan duba ƙoda kafin a yi shi.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne, da aka saka tsofaffin gawarwaki 137 daga Masar da Peru da wasu wurare a wannan na'ura, rahoton 2013 ya nuna alamun cutar a jikin 47. Ashe ba lemon kwalba ne ya fara kawo ta ba.

A Najeriya, asibitin koyarwa na Ibadan ne ya fara samun siti a 1987. An daɗe ana cewa wannan cuta ta Turawa ce. Nazarin da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka wallafa a 2006 ya sami mutum 46 cikin fiye da 5,000 da aka kwantar a shekara 5. Adadin kaɗan ne, amma a ganina wanda ya yanke jiki ya faɗi a gona ba ya shiga lissafin asibiti.

Hoton kawu ya nuna jijiya ɗaya ta ƙuntata. An ɗora shi a kan maganin rage kitse da na hawan jini, an kuma gargaɗe mu cewa duk ranar da ciwon ƙirji ya zo da gumi ko sarƙewar numfashi yana zaune, kada mu tsaya neman hoto, mu garzaya da shi asibiti. Yanzu yana fita sallar asuba da wuri don ya tafi a hankali.