Zariya ko Nsukka: Asalin Manyan Gidajen Koyon Zane Biyu

Duk shekara idan hukumar JAMB ta buɗe rajista, yaron da hannunsa ya faɗa a zane yakan tsaya cak a gurbin da ake rubuta zaɓin farko. Makarantun koyon zane da tsara kaya sun yawaita a Nijeriya, akwai su a Yaba da Ife da Benin da Auchi da Maiduguri. Amma in ya tambayi malaminsa na sakandare, sunaye biyu ne za su fara fitowa: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Nijeriya ta Nsukka. Masu sana'ar kansu sukan ce wane ɗan Zariya ne, wance 'yar Nsukka ce, kuma ba garin haihuwa suke nufi ba, hannu suke nufi. Ana kallon gidajen biyu a matsayin abokan gasa, alhali tarihi ya nuna ɗaya ce ta haifi ɗaya.

Zariya ce babba. Sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya ya fara ne a reshen Ibadan a 1953, sannan aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1955, tun Jami'ar Ahmadu Bello ba ta zo duniya ba. Sai a watan Oktoban 1962 jami'ar ta buɗe, ta gaji harabar kwalejin a Samaru, ta gaji sashen da malamansa. Yawancin malaman nan Turawan Ingila ne, manhajar ma daga Landan aka kwafo ta, masu duba jarrabawa kuma daga can suke zuwa. Ɗalibi zai kwashe watanni yana zana ƙwarangwal da kwalba da yadin da aka lanƙwasa a kan tebur, yana koyon yadda haske ke sauka a jikin mutum da yadda abu ke ƙanƙancewa idan ya yi nisa. Horo ne mai kyau, babu mai musun haka. Matsalar ita ce babu darasi ko ɗaya a kan fasahar Afirka, a ƙasar da aka riga aka tono kawunan Nok da na Ife, a garin da masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 yake tsaye. Daga cikin 'yan ƙasa ƙalilan da ke koyarwa akwai Clara Ugbodaga-Ngu, wadda aka haifa a Kano.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya. Akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe da wasu 'yan kaɗan. Daga baya aka laƙaba musu 'Yan Tawayen Zariya, sunan da ya fi abin da suka aikata zafi, domin ba su fasa taga ba, ba su ƙaurace wa aji ba. Da rana suna yin aikin da malami ya sa su, su ci maki. Da yamma su haɗu su tattauna, idan hutu ya zo kowa ya koma garinsu ya tambayi tsofaffi tatsuniyoyi da zanen gargajiya, ya dawo da abin da ya samo. Ra'ayinsu, wanda Uche Okeke ya rubuta a 1960, shi ne a riƙe dabarar da aka koya daga Turawa, a ɗora ta a kan abin da aka gada a gida, har su zama abu guda ba tare da tilas ba.

Okeke ba baƙo ba ne a Arewa. A Kafanchan ya tashi, a can ya fara tara kayan tarihin da daga baya suka zama cibiyar Asele a garinsu Nimo. Ɗaya daga cikin zane-zanensa na 1961 ma masu zuwa sallar Juma'a ya nuna. Abokin karatunsu Jimoh Akolo kuwa makaɗan Hausa da mahayan dawaki ya riƙa zanawa.

Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba, ta watse a 1961 lokacin da jagororinta ke kammala karatu. Amma tun kafin nan an fara jin su: Okeke da Nwoko da Onobrakpeya sun yi aikin bango a baje kolin bikin samun 'yancin kai a Legas a 1960. Bayan fitarsu sai suka bazu. Grillo ya tafi Kwalejin Fasaha ta Yaba, ya shugabanci sashen zane shekaru masu yawa, ya zama shugaban farko na ƙungiyar masu zane ta ƙasa, kuma har ya rasu a 2021 ana gane aikinsa da shuɗin launinsa. Onobrakpeya ya zama gwanin ɗab'in zane. Nwoko ya karkata ga gini da wasan kwaikwayo, shi ya tsara majami'ar Dominika ta Ibadan, kuma a 2023 aka ba shi Zakin Zinariya na baje kolin gine-gine na Banis a Italiya.

Ita Nsukka ta buɗe ne a watan Oktoban 1960, mafarkin Nnamdi Azikiwe, da tsarin karatu irin na Amurka da taimakon Jami'ar Jihar Mishigan. Sashen zanenta ya fara a 1961 da sunan mai zane Ben Enwonwu, kuma Akinola Lasekan yana cikin malaman farko. A shekarun nan babu wanda zai haɗa ta da Zariya. Sashe ne ƙarami, bai da wani salo da aka san shi da shi.

Abin da ya juya lamarin ba abin daɗi ba ne. A rikicin 1966 an kashe Ibo masu yawa a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka kwashe kayansu suka nufi Gabas, ciki har da ɗalibai. Obiora Udechukwu, wanda ya shiga sashen zane na Zariya a 1965, shekara ɗaya kawai ya samu ya yi. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, Nsukka tana cikin garuruwan farko da suka faɗa hannun sojojin tarayya, kuma harabar jami'ar ta sha ɓarna. Simon Okeke, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar Zariya, ya rasu a 1969 ana cikin yaƙin. Da aka ajiye makamai a Janairun 1970 aka dawo gyaran jami'a, sai aka miƙa wa Uche Okeke ragamar sashen zane. Chike Aniakor, shi ma tsohon ɗalibin Zariya, ya zo ya kama aiki, Udechukwu ya kammala digirinsa a 1972 ya zama malami. Wato abin da ɗalibai suka riƙa tattaunawa da yamma a Samaru, a Nsukka ya zama manhaja, da maki da jarrabawa.

Ginshiƙin manhajar shi ne uli. Zane ne na matan Ibo, suna yin sa a jiki da ruwan 'ya'yan wani tsiro, kamar yadda matan Hausa ke ƙunshi da lalle, ya yi baƙi ya ɗauki kwanaki kafin ya goge. Suna kuma yin sa a bangon gida da wuraren bauta da launukan ƙasa: fari, rawaya, ja da baƙi. Layi ne siriri mai lanƙwasa, ana jan sa sau ɗaya ba gyara, kuma filin da aka bari babu komai yana da nauyi daidai da inda aka zana. Okeke ya koyi sirrinsa a wajen mahaifiyarsa. A Nsukka sai aka riƙa tura ɗalibai ƙauyuka su zauna da tsofaffin mata, su kwafi alamomin, su tambayi sunayensu, su rubuta bincike, sannan su dawo ɗakin aiki su ga abin da za su iya yi da su da tawada da fentin ruwa. Udechukwu ya ƙara da alamomin nsibidi na yankin Kuros Riba, ya yi amfani da layin uli wajen zana yunwar yaƙi da layin ɗiban ruwa da cin zalin masu mulki. A 1997 gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washinton ya shirya baje koli na mutum bakwai daga wannan gida.

Cikin bakwai ɗin akwai wanda ba Ibo ba ne, ba ma ɗan Nijeriya ba. El Anatsui ya zo daga Gana a 1975 bayan ya yi karatu a Kumasi, ya koyar da sassaƙa a Nsukka har 2011. Ya fara da yumɓu, ya koma katako yana yanka shi da zarton inji yana ƙona shi da wuta. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya koma kan murafun kwalaben barasa da aka zubar. Ana daddale su, a huda, a ɗinke da wayar tagulla, dubbai a kan dubbai, har su zama wani ƙaton mayafi mai walƙiya da zai rufe bangon bene. Samarin garin ne ke zaune a ɗakin aikinsa suna wannan ɗinki. Ya karɓi Zakin Zinariya na Banis a 2015, kuma a 2023 aikinsa ya cika babban zauren gidan baje kolin Tate Modern a Landan. Tasirinsa a kan ɗalibai a bayyane yake: ɗan Nsukka ba ya raina abin da ya tsinta a bola, ko tsumma ne ko igiya ko fasasshen tangaran. Ayyukan Nnenna Okore da Ozioma Onuzulike shaida ne.

Zariya ba ta zauna ba. Ta riƙe abin da aka san ta da shi, wato zane mai ƙarfi da iya sarrafa launi, kuma wanda ya shiga lambun mutum-mutumi na sashen zai ga aikin ɗalibai na shekaru da dama a tsaye cikin bishiyoyi, na siminti da na ƙarfe. Gani Odutokun, haifaffen Gana, ya yi karatu a nan ya kuma koyar. Yakan tsinka fentin mai ya kwarara shi a kan yadi, ya bar shi ya bi hanyarsa, sannan ya sa hannu ya fitar da siffa. Ya yi wa mulkin soja shaguɓe a zanensa na sarki da janar-janar ɗinsa, ya rasu a hatsarin mota a 1995 a hanyar dawowa daga Legas. Jerry Buhari, ɗan kudancin Kaduna, yana cikin waɗanda suka ci gaba da riƙe gidan.

Inda Zariya ta yi wa kowa fintinkau shi ne ɓangaren tsara kayan masana'antu. An ware masa sashe na kansa, ana koyar da tangaran da saƙa da rini da zanen talla da na littattafai, har da sarrafa gilashi, fannin da ba kasafai ake samunsa a jami'o'in ƙasar nan ba. Lokacin da masaƙun Kaduna da Kano ke aiki dare da rana, ɗalibin da ya iya fitar da zanen atamfa bai cika neman aiki ya rasa ba. Rufewar masaƙun ta taɓa wannan fanni ƙwarai, yau yawanci kwamfuta da aikin talla ne ke ɗaukar masu fitowa. Jami'ar ce kuma ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa a 1977, maginiyar tukwanen da ba ta yi boko ba, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20.

Sai dai akwai wani bashi da har yanzu ke kan Zariya. Abin da Nsukka ta yi wa uli, ba a yi wa fasahar Hausa irinsa ba. Kayan aikin kuwa ga su a ƙofar gida: dagi da sauran zanen da magina ke fitarwa a fuskar soraye a birnin Zazzau, aska takwas da aska biyu a wuyan babbar riga, zayyanar allo ta masu saukar Alƙur'ani, aikin dukawa, sassaƙar ƙwarya, shuɗin marinar Ƙofar Mata. Ba wai ba a yi bincike ba. David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin fasaha a Zariya, ya yi shekaru yana nazarin ɗinkin Hausa, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, kuma kundayen digiri a kan waɗannan abubuwa sun cika kanta. Ɗaiɗaikun masu zane ma suna ɗiba. Amma bai zama harshen gidan gaba ɗaya ba, yadda za a hango aiki daga nesa a ce wannan daga dagi ya fito. Wani ɓangare na dalilin shi ne an daɗe 'ya'yan Hausawa ba su cika shiga sashen ba. Iyaye da yawa suna ƙyamar zana mai rai da sassaƙa shi saboda addini, wasu kuma suna ganin zane ba karatun da za a ci abinci da shi ba ne. Abin mamaki, fasahar da aka gada a nan kusan dukkanta layi ne da kusurwa da rubutu, babu fuskar kowa a ciki.

To wanne ɗalibi zai zaɓa? Wanda ransa ke kan fenti da launi, ko yake son sana'ar da za ta kai shi masana'anta ko kamfanin talla, tarihi yana nuna masa Samaru. Wanda ke son gwaji da kayan da ba a saba ba, da yawan karatu da rubutu a kan abin da yake yi, Nsukka ta fi kusa da halinsa, domin ta fitar da masana tarihin fasaha irin su Olu Oguibe da Chika Okeke-Agulu waɗanda suka koyar a Amurka. Amma sunan gida ba shi ke koyarwa ba, kuma yawancin manyan da aka lissafa sun rasu ko sun yi ritaya. Tsofaffin ɗalibai sukan ba da shawarar a je a gani da ido kafin a cika fom: a leƙa baje kolin 'yan ajin ƙarshe, a tambayi wane malami ne ke shiga ɗakin aiki da kansa, a duba ko murhun gasa tangaran yana aiki ko ya zama ma'ajiyar kujeru. A kuma yi lissafin kuɗin fenti da yadi da takarda, domin a jami'o'in biyu daga aljihun ɗalibi suke fitowa, ga kuɗin mota ga wanda zai tashi daga Kano ko Sakkwato zuwa jihar Enugu duk zangon karatu.