Ruwan Ruƙiya da Da'awar Kimiyya: Ina Iyakar Halaccin Talla?

Halaccin karɓar lada a kan ruƙiya ba shi ne abin jayayya a nan ba. Hadisin Abu Sa'id al-Khudri da ke cikin Sahihul Bukhari ya wadatar, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kansa. Abin da ya jawo wannan maƙala shi ne ra'ayin wasu masu kare sana'ar, cewa babu laifi mai sayar da ruwan tofi ya ce kimiyya ta tabbatar da ingancinsa, tunda niyyarsa ƙarfafa yaƙinin majinyaci ce. A ganina wannan ra'ayi yana da rauni ta fuskar ilimi da ta shari'a.

Hujjar da aka fi kafawa ita ce aikin Masaru Emoto, ɗan ƙasar Japan da ya rasu a 2014. Yakan daskarar da ɗigon ruwan da aka yi wa addu'a, ko aka manna wa kwalbarsa kalma mai daɗi, sannan a ɗauki hoton ƙanƙarar ta madubin ƙara girma. Sai dai a hotunan da suka yi masa suna, mai ɗaukar hoton ya san ruwan da ke gabansa, kuma shi ke zaɓar ƙanƙarar da za a nuna wa duniya. Emoto kansa hulɗar ƙasa da ƙasa ya karanta a jami'a. A 2003 wani mai suna James Randi ya yi masa tayin dala miliyan 1 idan ya maimaita sakamakon ba tare da mai gwaji ya san wane ruwa ne wane ba, amma Emoto bai amsa tayin ba.

Masu wancan ra'ayi za su ce ko da hujjar ta yi rauni, yaƙinin majinyaci shi kansa magani ne. Wannan ita ce maganarsu mafi ƙarfi, amma ba ta kuɓuta ba. A binciken da Herbert Benson na Jami'ar Harvard ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, an bibiyi mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya. Cikin waɗanda aka tabbatar musu ana yi musu addu'a, kashi 59 cikin 100 sun gamu da matsala bayan aiki. Cikin waɗanda aka yi wa addu'ar ba tare da an tabbatar musu ba, kashi 52 ne.

Wannan bincike bai rushe addu'a ba, domin amsar Ubangiji ba abar aunawa ba ce a ɗakin gwaji. Iyakar abin da za a iya ɗauka daga gare shi shi ne, ba kullum tabbaci ke amfanar maras lafiya ba. Kuma wanda ya kira ɗakin gwaji shaida, dole ya saurare shi ranar da ya saɓa masa.

Saboda haka matsalar ta ciniki ce. Wanda ya liƙa hoton ƙanƙara a jikin gorar ruwa, ya ƙara mata kuɗi saboda shi, ya siffanta hajarsa da abin da babu a cikinta, kuma kyakkyawar niyya ba ta halatta algus. Ɓarnar takan wuce aljihu, domin mai ciwon sukari da aka ce masa an gwada an tabbatar yana iya ajiye allurarsa. Mai ruƙiya ya gaya wa majinyaci gaskiya: addu'a ce, waraka ta Allah ce, kuma kada ya bar zuwa asibiti.